Ɗumamen Waƙa

Wanda ya taɓa tsayuwa bakin tafkin Madarumfa da sassafe, kafin masunta su dama ruwa, ya san itace ɗaya kan zama biyu: guda tsaye bisa tudu, guda kwance cikin ruwa. Na cikin ruwan yana da rassa, yana da ganye, har rausaya yake, amma akuya ba ta taɓa cin ganyensa ba. To, ɗan'uwansa ne hologiram, wanda ake fito da matattun mawaƙa da shi su yi wasa.

A 2012, a bikin Coachella na Amurka, jama'a suka ga Tupac Shakur yana zagaya dandali, alhali tun 1996 ya bar duniya. A 2019 kuma Ummu Kulsum ta Masar, wadda ta rasu a 1975, ta "tsaya" gaban masu kallo a Al-Ula ta Saudiyya.

Kada ka ce tsafi ne. Ka taɓa shiga motar Maraɗi da dare, direba ya kunna fitilar ciki don ba da canji? Sai ka ga fuskarka a waje, bayan gilashi, tana bin gonaki. Dabarar ke nan, kuma tun 1862 John Pepper ya nuna ta a Landan. Yau wata leda garai-garai ake ɗaurewa a karkace gaban dandali, majigi ya haska hoto a ƙasa, ledar ta ɗauke shi, ido ya rantse mutum ne tsaye.

Shi kuwa jikin, ɗinkin tela ne. A sami rayayye ya yi taku da rawa, kwamfuta ta ɗinka masa fuskar mamaci, a zubo murya daga tsohon faifai. Tuwon jiya ne aka yanka, aka mai da tukunya, aka sake miya. Ɗumame yana da daɗi, wani ma ya fi son shi, sai dai ba a ce masa sabon tuƙi.

Yanzu a ce an kawo mana Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da ƴan kalangu rayayyu a bayansa. Za mu cika fili, ba shakka. Amma gwanintar Shata ai ido ce: ya hango wane ya shigo, nan take ya saka shi cikin waƙa, har uban kakansa. Hologiram kuwa jakin mai ruwa ne, hanya guda ya sani, daga rijiya zuwa gida. Ko sarki ya shigo, ba zai waiwaya ba.

Sai kuma liƙi. Ka zaro jika guda, ka matsa, ka miƙa hannu ga goshin Alhaji, sai leda. Kuɗin dai ba za su kwana ƙasa ba: magada da masu majigi suna nan da buhunsu.