Saye ko Haya? Makomar Fina-finan da Aka Biya Kuɗinsu a Intanet

A ka'idar ciniki da Hausawa suka sani, idan mai saye ya biya kuɗi ya karɓi kaya, to hannun mai sayarwa ya fita daga kansu, amma cinikin fina-finai ta intanet bai tsaya a kan wannan ka'ida ba, kamar yadda abin da ya sami masu kallon anime, wato fina-finan zane na ƙasar Japan, ya nuna a shekarar 2024.

Kamfanin Funimation, wanda aka kafa a Amurka a 1994, ya daɗe yana sayar da faya-fayan anime tare da wata lamba da ke bai wa mai saye damar kallon kwafin fim ɗin a manhajarsa. Kamfanin Sony, wanda ya mallaki Funimation tun 2017, ya saye abokin hamayyarsa Crunchyroll a 2021 a kan dala biliyan 1.175, sannan ya haɗe su. Kafin a rufe manhajar Funimation ranar 2 ga Afrilu, 2024, an sanar cewa Crunchyroll ba zai ɗauki waɗancan kwafe-kwafe ba. Dalili kuwa shi ne abin da aka sayar wa mutane lasisi ne, wato izinin kallo, fim ɗin kansa yana ajiye a kwamfutocin kamfani, don haka ranar da kamfanin ya nannaɗe tabarmarsa izinin ya bi shi.

Wannan batu ya shafi mai kallo a Zabarmari, garin manoman shinkafa da ke ƙaramar hukumar Jere a gefen Maiduguri, inda, kamar sauran garuruwan Arewa, yawanci ake samun fina-finan Kannywood da fassarar Indiya a wurin masu turi, waɗanda ke zuba su a memori ko a waya a kan kuɗi kaɗan. Mutanen Borno sun ga yadda aka katse layukan waya a 2013 lokacin dokar ta-ɓaci, sun kuma ga yadda Maiduguri ta daɗe babu wutar lantarki bayan an lalata turakunta a 2021, saboda haka sun san cewa fim ɗin da ke cikin memori ya fi wanda ke jiran sabis tabbas. Illar turi ita ce sau da yawa furodusa ba ya samun ko kwabo, abin da ya sa masu shirya fina-finan Hausa suka karkata zuwa YouTube da manhajoji irin su Northflix.

Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2024 wadda ta hana kamfanoni kiran irin wannan ciniki "saye" sai sun bayyana cewa lasisi ne. Manhajojin Hausa ma suna bukatar wannan fayyacewa, domin manomin da ya cire kuɗin shinkafarsa ya biya yana da haƙƙin sanin ko fim ɗin ya zama nasa, ko kuwa haya aka ba shi.