Kwazazzabon Walpa Na Ƙasar Ostireliya

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Maraɗi yana so ya ji ko gaskiya ne akwai wani kwazazzabo a hamadar Ostireliya da ake barin baƙi su shiga, amma a ɓoye musu labarinsa.

AMSA: To malam, gaskiya ne. Sunansa Walpa, ma'ana iska, yana tsakanin duwatsun Kata Tjuta, wato "kawuna masu yawa" a bakin Anangu, 'yan asalin wurin. Jajayen duwatsu ne guda 36, yamma da shahararren dutsen nan Uluru. Tafiyar ƙafa ce ta kilomita 2.6 zuwa da dawowa, wajen awa guda, dutse hagu dutse dama. Gara mutum ya yi sammako da gorar ruwansa, don zafin can ba wasa ba ne.

Batun ɓoyo kuwa, wurin na al'adar maza ne, labarinsa sai wanda dattawa suka shigar cikin sirrin. A shekarar 1985 gwamnati ta mayar wa Anangu ƙasarsu, su kuma suka ba ta hayar gandun na shekara 99, suna gudanar da shi tare. Shi ya sa ake roƙon baƙo kada ya kauce hanya, kada kuma ya ɗauki ko tsakuwa. Da fatan ka gamsu.