Amai da gudawa ba ta jiran jiƙo: abin da bincike ya tabbatar kan kwalara da rigakafinta

 

Darasinmu na yau kan kwalara ne, wato amai da gudawa, wadda ke yawaita idan damina ta kankama. Ni mai magani ne, amma gaskiya ɗaya ce: wannan cutar ba ta jiƙo ba ce. Zuma da habbatus sauda da man zaitun suna da albarkarsu, sai dai ba sa mayar da ruwan da kwalara ke tsiyayewa daga jiki. Babban mutum zai iya tashi garau da asuba, kafin isha'i ana neman likkafani.

Mu a Jigawa ba labari aka ba mu ba. A 2021 hukumar NCDC ta ƙirga mutum sama da 100,000 da ake zargin sun kamu a Najeriya, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Jigawa na sahun gaba tare da Bauchi, Kano da Zamfara. A watan Oktoban shekarar aka bi ƙananan hukumomin Dutse, Birnin Kudu da Haɗeja da rigakafin da ake sha ta baki. Wasu suka karɓa, wasu suka rufe ƙofa.

To daga ina cutar take? A 1854 wani likita a Landan, John Snow, ya bi gidajen da aka yi rasuwa ɗaya bayan ɗaya, sai ya ga yawancinsu famfo guda suke ɗiba. Hukuma ta cire hannun famfon. Bayan shekara 30 Robert Koch na Jamus ya ware ƙwayar cutar a Indiya. Ba iska ba ce, ba jifa ba ne. Ƙwaya ce da ke fita a bayan gidan mai ita, ta shiga rijiya, randa ko abinci. Ruwan sama ya wanke kashin da aka yi a fili, ko masai ya cika ya haɗu da rijiya, shi ke nan an buɗe mata hanya. Kun ga hikimar da ta sa Annabi (SAW) ya hana biyan buƙata a mashaya, kan hanya da inuwar da mutane ke zama, ya kuma yi umarni a riƙa rufe ƙwarya da bakin salka.

Abin da ke kisa shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jiki. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijira da ke iyakar Indiya da Bangaladash, ruwan ƙari ya yanke. Wani likita, Dilip Mahalanabis, ya sa aka riƙa haɗa ruwa da gishiri da sukari ana ɗura wa marasa lafiya. Mace-mace suka sauko daga kusan 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Wannan shi ne ORS ɗin da ke kemis ɗin unguwarku yau. Idan an samu kulawa da wuri, ko mutum 1 cikin 100 ba ya rasuwa.

Don haka da zarar kun ga gudawa tsululu kamar ruwan wankin shinkafa, idanu sun faɗa, fitsari ya ɗauke, ga abin yi. A zuba ƙullin ORS ɗaya a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, wato ledar fiya wata biyu. In babu ORS, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, kada a yi tozo. A riƙa ba shi kurɓi-kurɓi. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba. Mai shayarwa kada ta janye nono. Yara a haɗa musu da zinc na kwana 10 zuwa 14. Ana ba shi ana neman abin hawa zuwa asibiti mafi kusa, ba sai gari ya waye ba. Don Allah kada a ba shi filasko ko wani maganin wankin ciki da sunan fitar da datti, wannan ƙara wa wuta fetur ne.

Sai maganar rigakafi. Na kwalara ba allura ba ne, ɗan ruwa ne a ƙaramar kwalba, an yi shi da ƙwayar cutar da aka riga aka kashe, don jiki ya san abokin gabarsa tun kafin su haɗu. Ana ba ɗan shekara 1 zuwa sama, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har mai juna biyu za ta iya sha. Sha biyu, da tazarar mako 2 aƙalla, yana ba da kariya ta kusan shekara 3. Sha ɗaya ma yana karewa, amma na ɗan lokaci. A Oktoban 2022 ƙarancinsa a duniya ya kai aka koma ba da sha ɗaya kawai a wuraren annoba. Abin da ƙasashe ke layi a kansa, in ya zo har ƙofar gidanka kyauta, ai ba abin kora ba ne.

Na san dalilin ɗari-ɗarin mutanenmu. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ya bar tabo, kuma tambaya haƙƙinku ce. Amma a bambance maganin da ake gwadawa da rigakafin da aka gama bincikensa, miliyoyin Musulmi a Bangaladash, Yaman da Somaliya suka sha. Ku tuna shan inna: da aka dakatar da rigakafinta a Kano a 2003 sai ta bazu har maƙwabtan ƙasashe. Da aka dawo aka dage, a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar.

Mai cewa rigakafi rashin tawakkali ne, ya duba Sayyidina Umar (RA). Yana hanyar Sham ya ji annoba ta sauka can, ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida (RA) ya nuna kamar gudun ƙaddara ne, sai ya fahimtar da shi cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Riƙo da sababi addini ne.

Rigakafin kuma bai ɗauke mana tsafta ba. A tafasa ruwan sha ko a sa masa kulorin, a rufe randa, a ware moɗa ɗaya. A wanke hannu da sabulu bayan kewayawa da kafin cin abinci. Masu zuwa kasuwar Shuwarin da sauran kasuwanni, a kula da zoɓo, kunun aya da yankakkiyar kankana da ba a san ruwansu ba. Wanda kwalara ta yi ajalinsa, masu wanka su sa safar hannu, su bi shawarar ma'aikatan lafiya.

Ku tura wa limamai, masu unguwanni da zaurukan mata. Allah Ya tsare mu da zuri'armu daga annoba, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.