Abin Da Ke Cin Ƙarfe A Ruwan Teku

Ɗan kasuwar Maraɗi da ya je Lome ɗaukar kaya, in ya bi bakin teku zai hangi ƙafafun tsohuwar gadar sauke kaya tsaye cikin ruwa, tsatsa ta rarake su. Jamusawa suka gina ta farko a 1904, Faransawa suka kafa tasu a 1928, sabuwar tasha ta gaje ta a 1968.

Kowace lita ta ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35. Gishirin yakan fasa ɓawon da ke kare ƙarfe, ya kuma bai wa lantarki hanya cikin ruwan, tamkar a batir. Ɓarnar ta fi muni inda igiyar ruwa ke jiƙa ƙarfe ta janye, don nan iska ke samunsa sosai. Ɗumin ruwan yankin kuwa sai ya ƙara mata sauri. In ƙarfe ya haɗu da tagulla, ƙarfen ke cinyewa. Shi ya sa ake manna guntayen tutiya a jikin jirgi, su lalace a madadinsa.

Iskar tekun ma ba ta rasa gishiri, dalilin da ya sa dillalan mota ke leƙa ƙarƙashin wadda ta daɗe a tasha kafin su taya.