Wai Shin A Ina Hali Yake Zaune?

'Yan uwana mata, da Yayata ta haihu sai ta sauya. Kullum kuka, ko jaririn ba ta son ɗauka. Dangin miji suka ce baƙin hali ne, har ana zancen saki.

Likita ce ta ganar da mu cewa hali daga ƙwaƙwalwa yake fitowa, kuma gado da sinadaran jiki suna juya shi. Bayan haihuwa sinadarin istirojin kan ragu farat ɗaya. Ta ba mu labarin Phineas Gage, ma'aikacin layin dogo a Amurka, da ƙarfe ya huda wa ƙwaƙwalwa a 1848. Ya rayu, amma halinsa ya sauya.

Alhamdu lillahi, Yaya ta sha magani ta warke, tana ɗakinta. Don Allah kafin ki zargi maijego, ki raka ta asibiti.