Targaɗe da Yagewar Tsoka: Tantance Sahihi daga Jita-jita

Idan kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, aka yanke shinkafar fadama, sai samarin Maruda da na sauran garuruwan ƙasar Gwandu har zuwa Kalgo su koma fagen kokawa da dambe da filin ƙwallo, kuma a nan ne fatawoyi kan yawaita game da targaɗe da yagewar tsoka, waɗansu sahihai, waɗansu kuwa ba su da wani isnadi face "haka muka taras."

Mafi yaɗuwa daga cikinsu ita ce, wai da zarar mutum ya gurɗe, a gasa wurin da ruwan zafi, a murza da man zafi, a ja ƙafar har ta yi ƙara. Wannan kuskure ne bayyananne, domin kuwa yayin da tsoka ta yage, ƙananan hanyoyin jini na cikinta kan fashe, zafi da murza kuwa ƙara buɗe su suke yi, sai kumburi ya haɓaka, jinyar mako biyu ta koma ta wata biyu. Abin da ya dace a kwana biyun farko shi ne hutu, da ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma kamar minti 15, da ɗauri mai sassauci, da ɗaga ƙafar bisa matashi. Gashi yana da ranarsa, amma sai kumburi ya saɓe. Ban ce maɗora ba su san kome ba, don hana gaɓa motsi hikima ce ta haƙiƙa. Illar tana cikin tamke ɗauri har jini ya kasa gudana, wanda kan kai ga ruɓewa da yanke gaɓa. Duk wanda ya kasa taka ƙafa, ko yatsunsa suka yi sanyi suka mutu, to, a kai shi asibiti a Birnin Kebbi a ɗauki hoton ƙashi.

Masu cewa tiramol na ƙara ƙarfi su ma sun ɓata. Raɗaɗi yake ɓoyewa, alhali raɗaɗin nan shi ne mai gargaɗi, kuma hukumar duniya mai yaƙi da ƙwayoyi a wasanni ta haramta shi a lokacin gasa tun daga Janairun 2024. Zancen cewa shan ruwa na sa ɗan wasa nauyi bai cancanci doguwar muhawara ba ga wanda ya san zafin Afrilu a ƙasar Kabi.

Amma maganar dattawan fage, cewa ba a kama kokawa da sanyin jiki, wannan kam ta inganta. Hukumar FIFA ta fito da tsarin ɗumama jiki na kimanin minti 20 mai suna 11+, wanda ya ƙunshi sassarfa, da ƙarfafa cinya, da tsayuwa a ƙafa ɗaya, da koyon dira bayan tsalle. Da aka jarraba shi a kan 'yan mata masu ƙwallo a ƙasar Norway, binciken da aka buga a 2008 ya nuna raunuka sun ragu da kusan sulusi. Miƙa kaɗai, ta tsayuwa wuri guda ana jan ƙafa, ba ta bayar da wannan kariya. Wanda ya ɗaura laya a damtse ya ce ƙaddara ba ta da makawa, sai a tuna masa cewa malamai ba su taɓa ɗaukar riƙo da sababi a matsayin warware tawakkali ba, kuma ɗiban duwatsu da cike ramukan da kofaton shanu ya bari a fili tun damina yana cikin sababin, ga shi ba ya cin ko kwabo.