Akwatin Kayan Gyara na Tsohuwar Bas

Duk wanda ya bi titin Zariya da asuba, daga Gyadi-Gyadi zuwa tashar Unguwa Uku, zai ga tsofaffin bas-bas ana yi musu lodi. Akwai na haya, akwai kuma waɗanda ba su ɗaukar fasinja ko ɗaya. An cire kujerun baya, an shimfiɗa tabarma da 'yar katifa, ga jarkar ruwa, ga buta, ga risho a lungu. Masu su 'yan kasuwa ne da ke cin Wudil ranar Juma'a, Dambatta ranar Lahadi, Maigatari ranar Alhamis, inda dare ya riske su nan ne masauki. Da irinsu kuma wasu ke doguwar tafiya har Kaulaha ta Sanigal lokacin Maulidi. Turawa suna da motocin da aka ƙera musamman don kwana a ciki, tun daga na Volkswagen da kamfanin Westfalia ya fara sa wa gado da kabad a Jamus a farkon shekarun 1950. Mu tamu dabarar buƙata ce ta haife ta.

Tawa Toyota Hiace ce mai injin fetur, ta girmi ɗana na fari. Da ita nake kai iyali ƙauye da Sallah, a cikinta nake kwana idan fatauci ya kai ni Maraɗi. Abin da ta koya mini game da kayan gyara shi ne, motar ce ke zaɓar kayanta. Mai ita aikinsa ya saurare ta.

A fara da sifana. Mutum zai shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari ya ga akwati mai walƙiya cike da sifanu da soket, ya biya kuɗi mai yawa, rabin abin da ke ciki kuwa har motar ta mutu ba zai taɓa shi ba. Motocin Japan irin su Hiace da Mitsubishi L300 yawancin notukansu lamba 8, 10, 12, 14, 17 da 19 ne, notin taya na Hiace kuma 21. Motocin Turai irin su Peugeot J5 da Volkswagen sun fi son 13 a inda ta Japan ke son 12, ga kuma 10, 17 da 19. Waɗannan lambobi milimita ne, wato faɗin kan notin. Akwai sifanun inci, na tsofaffin motocin Amurka da Ingila, suna yawo cikin kayan gwanjo. Rabin inci milimita 12.7 ne, kusa da 13 amma ba 13 ba, kuma wannan ɗan bambancin ya isa ya cinye kan noti. Kafin ka je kasuwa, ɗaga kujerar gaba, tunda injin tsohuwar Hiace a ƙarƙashinta yake, ka ari sifanun bakanikenka ka gwada notukan da ka san za ka riƙa taɓawa, ka rubuta lambobinsu a takarda. Lamba 10 kuwa sayi biyu. Ita ke kwance kan batir, ita ce kuma ta fi kowace ɓacewa.

A nan ne ba na yarda da araha. Notin da ya shekara talatin yana shan zafin inji, ƙurar hunturu da ruwan damina, ba ya kwancuwa da lalama. Sifanar da aka yi da ƙarfe mai taushi bakinta buɗewa yake idan aka matsa, ta zame, ta mulmule kusurwoyin notin. Daga nan aikin minti goma ya koma neman mai walda, a dajin da babu wuta. Nemi wadda aka rubuta wa Cr-V a jiki, alamar ƙarfe mai haɗin kuromiyam da banadiyam, ko da yake 'yan jabu ma sun iya rubuta hakan. Don haka ka tafi da noti a aljihu, ka zura shi a bakin sifanar a gaban mai shago. Idan yana rawa, ajiye ta. Sau da yawa tsohuwar sifanar gwanjo ta Gedore ko Stahlwille, 'yan Jamus, ta fi sabuwa fil mai sheƙi, ko da ta yi baƙi.

Ka fi son sifana mai baki biyu, gefe ɗaya buɗaɗɗe, ɗayan zobe. Da zoben ake fara karya ƙarfin noti, domin yana kama shi ta kowane ɓangare, buɗaɗɗen kuwa gefe biyu kawai yake riƙewa. Haka soket: mai kusurwa shida ya fi mai goma sha biyu riƙe tsohon noti. Sifanar nan mai daidaitawa, wadda ake murza wa baki, a ajiye ta don ranar da babu yadda za a yi. Ta lalata notuka a garejojin Tarauni fiye da yadda tsatsa ta lalata.

Sukundireba huɗu sun isa, mai baki faifai da mai tauraro, dogo da gajere. Akwai wani abu da ba kowa ya sani ba: sukurorin tauraro na tsofaffin motocin Japan, musamman na jikin kafireto, an yi su ne bisa ma'aunin Japan da ake kira JIS, wasunsu ma suna da ɗan ɗigo a kai. Sukundireban tauraro na gama-gari yakan zame a cikinsu ya cinye ramin. Idan ka dace da na Japan, kada ka bar shi. Sai filaya ta gama-gari, mai dogon baki, da mai kullewa wadda ke damƙe notin da ya riga ya mulmule. Ƙaramar guduma, wuƙa, tocila mai ɗaurawa a goshi. Sifanar fulogi kuma 16 ce ko 21, ya danganta da injin, a duba kafin a saya.

Maganar taya ta fi duk waɗannan nauyi, don a nan rai ke shiga. Sifanar tayar da ke zuwa da mota gajeriya ce, masu faci kuma sukan ɗaure noti har su hau kai da ƙafa. Sayi mai siffar gicciye, ko doguwar sanda da soket 21. Jak ɗin mai na tan 3 ya wadatar wa bas mai lodi. Ka haɗa shi da katako mai kauri da za ka ɗora shi a kai, saboda rairayin hanyoyin arewacin Jigawa da Damagaram yana haɗiye gindin jak, da wasu guntaye biyu na tokare tayoyi. Ina roƙon duk mai karanta wannan: kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Robar cikinsa na iya saki ba tare da sanarwa ba. Idan babu ƙafar ƙarfe ta tallafi, a tura safaya taya ƙarƙashin shasi. Nakan ga yaran gareji kwance a ƙarƙashin bas da jak ɗaya da dutse, gabana ya faɗi.

Yawancin abin da ke tsayar da tsohuwar mota a hanya ƙananan abubuwa ne: kan batir ya yi gishiri, fis ya ƙone, fanbel ya tsinke, tiyon lagireto ya fashe mota ta ɗauki zafi. Don haka gefen akwatin nawa akwai fitilar gwajin wuta irin ta masu rewaya, wadda kuɗinta bai kai na abincin rana ba, da fis-fis, tef, waya, takardar sanfefa, fanbel sabo, maƙalan tiyo, man fesawa mai sassauta tsatsa, da galan na ruwa. In za ka taɓa wuta, cire kan batir na nagetif tukuna. Murfin lagireto kuwa ba a buɗe shi sai inji ya huce, tururinsa yana saɓule fata. Abin kashe gobara da alamar gargaɗi mai kusurwa uku, jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, wadda aka kafa a 1988, za su tambaye ka su a hanya, amma don kanka ya kamata ka ɗauka.

Duk wannan bai mai da kai bakanike ba. Birki, giya, kan inji, da bel ɗin taimin na injinan dizal irin 3L da 5L, wanda in ya tsinke yakan lalata bawul, aikin masu sana'a ne da kayansu. Ni kafin kowace doguwar tafiya nakan kai motar gareji a Tarauni, in tsaya a kai ana dubawa, ina tambaya. Bakaniken da ya ga ka san lambar notin motarka yakan yi maka bayani fiye da yadda yake yi wa wanda ya miƙa makulli ya tafi. A nan na ga notin bayan altaneta wanda sifana ba ta kaiwa sai an haɗa wa soket ɗan tsawo, washegari na je Ƙofar Ruwa na sayo ɗan tsawon.